Shanyar Baba Ilu

Makon jiya wasu samari uku suka shigo shagona a Kazaure. Ɗaya yana riƙe da waya, yana nuna min wani Bature tsaye gaban kwalaye har rufin ɗaki, wai ya ajiye su ne kawai suka ninka kuɗinsu. Sun gaishe ni yadda ya kamata, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai babbansu ya ce, "Kawu Sale, so muke mu shigo harkar katin nan. Mun ga ba ta da wuya. Ka saya, ka ajiye, ka yi barcinka, ka tashi ka sayar."

Na ce, "Barci?"

Ya ce, "Kawu, ba da wata manufa na faɗa ba."

Na ɗauko kwali biyu daga ƙarƙashin kanta na ajiye a gabansu. Na ce ɗaya rufin kamfani ne, ɗaya kuma mutum ne ya buɗe ya sake liƙewa, su nuna min wanne ne wanne. Suka juya, suka girgiza, ɗaya har da sansanawa. Biyu suka zaɓi na jabun, na ukun ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce su tashi su ba ni wuri, ina da aiki. Har suka fita raina bai daina ɓaci ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, su karanta in suna da lokacin da waya ta rage musu.

Ga wanda bai san kayan ba, katin 'yan ƙwallo nake sayarwa. Fakiti ɗaya kati biyar ne da cingam guda. Fakiti talatin da shida ne a kwali, kwali goma sha biyu a katan. A cikin kowane kwali kamfani yana saka kati ɗaya mai ƙyalli, wanda yara suke kira gwal. Babu wanda ya san fakitin da yake ciki, har ni. Yara suna tarawa, suna musaya, suna liƙawa a littafi. Akwai manya ma, ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta, da suke zuwa su ce wai na ɗansu ne, alhali na san ɗan nasu ko rarrafe bai fara ba. Abin da mai tebur yake saya a wurina ba takarda ba ce. Alkawari yake saya, cewa gwal ɗin nan yana ciki kuma babu hannun da ya riga shi. Ledar da ke jikin kwalin ita ce alkawarin. In ta yage, abin da ya rage takarda ce da cingam.

Aikina na farko a Kano, a rumfar wani Alhaji Mudi mai sarin alawa da biskit, shi ne sauke katan hamsin daga mota. Na sauke su tsaf, na jera a ƙasa, na je na ce na gama. Ya zo ya duba, ya ce in kwashe duka in shimfiɗa katako tukuna. Na kwashe, na shimfiɗa, na jera. Ya ce sun taɓa bango, in bar tazarar hannu. Sau uku na ɗaga katan hamsin a ranar, ban karya kumallo ba. Da yamma ya ce, "Siminti yana zufa, bango yana zufa, gara kuma ba ta sallama." Shekara huɗu na yi a hannunsa. Shi ya koya min bin bakin leda da babban yatsa ido a rufe. Liƙin kamfani siriri ne, miƙaƙƙe, ba ya kama farce. Liƙin mutum komai gwanintarsa sai ka ji ɗan tudu a kusurwa, inda ya tsaya ya juya kwalin. Idan na kasa ganewa, ba ya zagi. Sai ya ce in ci gaba da shafawa har a kira la'asar.

Kayan aikina ba su da yawa: yatsan nan, katako, tampol, babur da igiyar roba, sai kwalbar jar tawada da nake rubuta harafin farko na sunana a gindin kowane kwali kafin ya bar hannuna. Akwai abu ɗaya da bai taɓa shiga shagona ba, wato ƙaramin sikelin nan na masu sayar da zinariya. Katin gwal ya fi sauran nauyi da ɗan abin da hannu ba ya ji, amma sikeli yana ji. Wanda duk ka gani da wannan sikelin a harkarmu, ba sai ka tambaye shi abin da yake aunawa ba.

Wata rana na kai kwali takwas Gwiwa a bayan babur, hadari ya tare ni a hanya. Na cire rigata na ƙara a kan tampol, na tsaya ƙarƙashin rumfar wani mai faci ina rawar sanyi, mutane suna kallona kamar mahaukaci, ga mutum tsirara ga kwali da riga. Wannan shi ne barcin da yaran nan suke magana. Kuma ajiyar da suke gani a waya, su je su tambaya sau nawa take cin mutum. Ka ajiye kaya kana jiran kamfani ya daina bugawa su yi tsada, sai ya sake buga irinsu. Ka tara na ƙungiyar da yara suke hauka a kanta, sai ɗan wasan ya koma wata, a wayi gari ba mai son hotonsa da tsohuwar riga. Mutanen Nijar da suke zuwa Babura da sefa su kwashe rabin kayana, in iyaka ta yi tsanani sai in yi wata uku ban ga ko ɗaya ba. Duk wannan na saba da shi. Abin da ya kusa kashe min sana'a ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne.

A shekarar da abin ya faru, na ji daga majiya mai ƙarfi a Kano cewa za a daina buga wani jerin kati da yara suke matuƙar so. Na tattara duk abin da na mallaka, har da tumakin da nake kiwo, na sayo katan ashirin. Shagona ba zai ɗauke su ba, ga rufinsa yana yoyo. Sai na tuna da Baba Ilu a Babura. Aminin mahaifina ne, tare suka yi fataucin hatsi, shi ya yi min walicci lokacin aurena. Yana da sito mai kyau, busasshe, mai ƙofar ƙarfe. Na je na durƙusa na roƙe shi kusurwa ɗaya. Ya ce, "Salihu, sito naka ne. Amma mene ne a ciki?" Na ce hotunan 'yan ƙwallo ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce duniya ta zo inda ake ajiye hoto kamar gero. Na shimfiɗa katako, na jera, na rufe da tampol. Na gaya masa kada ruwa ya taɓa su. Wannan kaɗai na gaya masa, kuma a nan laifina na farko yake.

Marka ta yi ƙarfi a shekarar, aka yi kwana da kwanaki rana ba ta fito ba. Bayan gari ya washe da kwana uku na hau babur na tafi dubawa. Tun daga bakin layi na hango ƙyalli a filin gaban sito, inda ake shanya gyaɗa. Tabarma ce bayan tabarma, an baza fakitoci a kai, dubbai, rana tana dukansu. Gefe guda ga kwalaye a buɗe an kifa su. Ledojin kuwa an tara su wuri ɗaya an danne da dutse, wai ko za su yi amfani. Baba Ilu yana zaune a kan kujera da carbinsa, leburorinsa biyu suna juya fakitocin da hannu kamar masu juya barkono.

Na kashe babur. Na daɗe ban sauka ba.

Ya ce, "Salihu, ka zo a daidai. Kwana uku muna wannan aikin. Na sa hannu ƙarƙashin tampol na ji danshi, na ce kayan yaron nan za su yi fumfuna a sitona ina kallo? Ledar nan ita ke riƙe gumi. Duk mun cire."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, duka kuka buɗe?"

"Duka. Ba mu bar ko ɗaya ba. Wanda ya sha iska mu mayar a kwali, in sa masa alama, kada a maimaita."

Ya nuna min. A cikin murfin kowane kwali ya ja zane uku da shuɗin fentin da yake sa wa buhunansa. Haka yake yi wa duk buhun da aka shanya tun kafin a haife ni. Fakitocin kuwa sun gauraye, leburori suna ƙirga talatin da shida su zuba. Wani kwalin zai samu gwal uku, wani ba ko ɗaya.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma babu inda zan kai shi. Dattijo ne da ya bar nasa aikin kwana uku yana yi min hidima. A sana'arsa abin da aka rufe aka manta shi ne yake lalacewa, mai kula shi ne mai buɗewa. A tawa sana'ar buɗewar ce lalacewar. Ni ne ban faɗa masa ba, don na ɗauka kowa ya sani. Na buɗe baki na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. An gode." Na zagaya bayan sito na yi ta dukan bango da tafin hannu har ya kumbura.

Da na kwaso kayan na dawo Kazaure, na aika wa duk masu sarina cewa wannan kayan buɗaɗɗe ne, ba na ba da tabbacin gwal a kowane kwali, mai so ya saya a rabin kuɗi. Na faɗa a Roni, na faɗa a Kanya Babba, na faɗa a gaban sarkin kasuwa da bakina. Kaɗan suka ɗauka. Mai tebur ba ya son kwalin da zai ƙare yara ba su ga gwal ba.

Ana haka wani Nazifi ya zo. Matashi ne mai shagon cajin waya, mai bakin zaƙi, kullum cikin shadda. Ya zauna a bencina ya ce, "Yaya Sale, kai ma da wahalar da kai kake. Akwai injin liƙe leda a wurin masu burodi. Kwana biyu ka mayar da kayanka sababbi."

Na ce, "Tashi daga bencina."

Ya yi dariya ya ce wasa yake. Bayan mako ya dawo da wata magana, wai zai sayi katan takwas ya riƙa kaiwa ƙauyuka yana sayarwa fakiti-fakiti, inda ba ruwan yara da kwali. Ina bukatar in juya kayan, na sayar masa. Mutumin da ya gaya min abin da ke ransa a fili, na ɗauki kaya na ba shi, da jar tawadata a gindin kowane kwali. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko wauta. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Wata biyu bayan haka na shiga Roni ranar kasuwa. Akwai wata dattijuwa, Iya Hansai, da take da tebur a ƙofar firamare. Shekara bakwai tana saye a wurina, da teburin take ciyar da gidanta. Tana hango ni ta taso, ba ta bari na kafe babur ba.

Ta ce, "Sale, me na yi maka?"

Na ce, "Iya, lafiya?"

"Kwali shida na sayar, ko gwal ɗaya bai fito ba. Yara suna hana cikinsu kuɗin tara suna kawo min. Yanzu ka san sunan da suka sa min? Teburin babu. In sun taso sai su zagaye ni su wuce. Jiya uban wani ya zo har gida ya ce ni macuciya ce, da furfurata."

Na ce ai ban kawo mata kaya ba tun kafin marka. Ta ce Nazifi ne ya kawo, ya ce ni na aiko shi, sabon kaya ne a ledarsa, har ya fi arha. Ta juya kwali ta nuna min gindinsa. Jar tawadata ce, rubutun hannuna.

Akwai sauran kwali biyu a ƙarƙashin teburinta. Na ɗauki ɗaya na rufe ido na bi bakin ledar da yatsa. A kusurwa ta biyu na ji tudun. Na ce kada ta buɗe su, kada ta ba kowa, ta ajiye min har kasuwa mai zuwa. Kafin in bar Roni mutum uku sun ƙi amsa sallamata. Washegari mai sarina na Gwiwa ya aiko a ce min kada in ƙara kawo masa komai. Ashe Nazifi ya auna fakitocin ne ɗaya bayan ɗaya, ya zare masu nauyi yana sayar wa manya a Kano ta waya, ya cike gurbin da marasa komai, ya liƙe, ya zaga garuruwa huɗu da sunana. Asarar shanya kuɗi ce, ana mayarwa. Wannan kuwa sunan ne, kuma ni ba ni da gona, ba ni da takardar makaranta, shi kaɗai nake ci da shi.

Na koma Babura na durƙusa gaban Baba Ilu. Ba na son in gaya masa, don in na faɗi ƙarshen sai na faɗi farkon. Amma ba yadda zan yi. Na yi masa bayanin leda, da gwal, da abin da shanya ta jawo, ina zaɓen kalma kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya daina jan carbi.

Ya ce, "Wato ɓarna na yi maka."

Na ce, "A'a Baba, ni ne ban yi bayani ba."

"Kuma ka ce min an gode."

Ya tambaye ni yaushe ne kasuwar Roni. Na faɗa masa. Ya ce in zo in ɗauke shi da sassafe.

A rumfar sarkin kasuwa aka zauna. Iya Hansai ta kawo kwalayenta biyu, masu tebur suka cika wurin, aka kira Nazifi. Ya zo da shaddarsa yana murmushi. Ya rantse cewa kaya sababbi ne daga hannuna, yadda na ba shi haka ya kawo, in babu gwal a tambayi mai jar tawada. Na ce wa sarkin kasuwa, kafin a yaga ledar, a tambayi dattijon nan abin da za a gani a ciki.

Baba Ilu ya ce, "Zane uku, shuɗi, a cikin murfi ta hannun dama. Na tsakiya ya fi tsawo, don hannuna yana rawa."

Sarkin kasuwa ya yaga ledar da kansa ya ɗaga murfin. Ya ɗaga wa mutane suka gani. Ya buɗe na biyun, haka. Kowa ya gane kayan shanyar nan ne, waɗanda na riga na faɗa a fili cewa buɗaɗɗu ne. Wani daga baya ya ce, "Ashe Baba har a kamfanin yake aiki." Aka yi dariya, ban da ni.

Nazifi ya ga ba hanya, sai ya sauya murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, to mene ne a ciki? Kowa ƙulli yake yi a kasuwar nan. Mai sukari yana buɗe buhu ya ƙulla a leda. Mai gishiri haka, mai man gyaɗa haka. Ni ma ƙulli na yi."

Wasu suka fara gyaɗa kai, don gaskiya ne, a kasuwanninmu babu abin da ba a buɗewa a ƙulla. Na yunƙura zan tashi. Baba Ilu ya dafa min gwiwa.

Ya ce, "Yaro, ɗan wa kake?" Nazifi ya faɗa. Baba ya ce, "Na san kakanka, ƙullin sukari ya yi har ya mutu. Ka taɓa jin ya zare zaƙin kafin ya ƙulla?"

Ba wanda ya ƙara gyaɗa kai. Sarkin kasuwa ya sa Nazifi ya kawo sikelin da sauran gwal ɗin da bai sayar ba, aka raba wa masu teburin da ya cuta, aka hana shi kawo kati kasuwar. Ni kuma na ba Iya Hansai kwali uku na rufin kamfani, na tsaya a teburinta ranar da aka koma makaranta har gwal na farko ya fito a hannun wata yarinya. Amma kada wani ya ɗauka shi ke nan. Mutanen Gwiwa ba su zo Roni ranar ba, labarin cuta suka ji, na wankewa bai kai musu da wuri ba. Sai da na shekara biyu ina kai kaya ina dawowa da su kafin su sake karɓa. Akwai mai kanti ɗaya a can da har yau in ya ga jar tawadata sai ya kau da kai.

Tun daga ranar, kwalin da duk ya buɗe a hannuna sai na yage murfinsa na ƙona kafin fakiti ɗaya ya fita. Wanda zan ba ajiya kuma, ko limamin gari ne, sai na zaunar da shi na yi masa bayanin leda har ya gaji da ni. Kwalin jabun da na gwada samarin nan da shi, cikin na Nazifi ne, na saye shi a Kanya Babba na ajiye. Wanda yake son sana'ar nan ya zo ya zauna da shi ido a rufe har ya ji tudun. In ba zai iya ba, ya je ya yi barcinsa a gida, ya bar 'ya'yan mutane da kuɗin taransu.

Ranar da muka baro Roni, Baba Ilu yana bayana a kan babur, ya riƙe kafaɗata. Ina ta tunanin tumakina da katan ashirin. Sai da muka kusa Babura ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

Ya ce, "Salihu."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Amma dai ba su yi fumfuna ba, ko?"

Na ce, "Ko ɗaya bai yi ba, Baba."